Randar Wankan Gwaggo

Gwaggo ta rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, tana zaune a kan tabarmarta da carbi a hannu. Allah Ya jiƙanta. Kafin in iso Tudun Wada daga Hanwa gida ya riga ya cika da mata, amma ban tarar da kukan da na zata ba. Mata na gani sun yi cirko-cirko a ƙofar ɗakinta, ana magana ƙasa-ƙasa, idon kowa na kan wata baƙar randar roba da aka jawo tsakar gida.

Babu wanda bai san randar nan ba a layinmu. Tsofaffi kan ajiye likkafaninsu a ƙasan akwati, ita kuwa Gwaggo har da ruwan wankanta ta ajiye. Duk damina sai ta zubar da na bara, ta wanke randar, ta cika ta da ruwan sama, ta rufe, ta ɗaure bakin da farin ƙyalle da igiya, ta tura ta bayan ƙofa. Jikokin gidan ba sa yarda a aike su ɗakin su kaɗai saboda ita.

Matar Liman, wadda za ta jagoranci wankan, ita ta kwance igiyar. Ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta zura hannu har kafaɗa. Hannun ya fito a bushe.

"Ko ɗigo babu," in ji ta.

Wata tsohuwa ta fara salati. Wata ta ce wataƙila randar ta huda, aka kifa ta aka duba, lafiyarta ƙalau. Sai na ji wata a bayana, da muryar da ake yin gulma a gidan makoki, tana cewa, "Abubuwan nan na lungu ne. Sun shanye ruwan, sannan suka juyo kanta."

Inna, mahaifiyata, tana zaune a bakin ƙofarta. Lungun kawai ta kalla, ta kau da kai.

Famfo bai kawo ruwa ba, rijiyar gidan kuma ta ja ƙasa sai laka. Aka tsayar da mai ruwa a titi aka karɓi jarkoki. Ruwan ja-ja ne, da ɗumin rana a jikinsa. Ni na riƙa zubawa matar Liman tana wankewa, kuma tunda nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, domin na san abin da Gwaggo ta yi shekaru tana gudu ke nan.

Da maza suka ɗauke ta bayan azahar, na zame na shiga lungun. Wani ɗan fili ne tsakanin ɗakinta da katanga, ƙarƙashin mangwaro, ta yi masa rufi da raga, ta kewaye shi da tsofaffin buhuna. Nan shukokinta suke rataye, kuma nan take jera randunan ruwan saman da take ba su. Na buɗe randunan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun bushe tun tuni, har gizo-gizo ya yi saƙa a cikin wata. Na tura yatsa a gindin shukokin, sai na ji danshi da sanyi, an shayar da su da safen nan. A nan na gane inda ruwan wankan Gwaggo ya tafi. Da hannunta ta riƙa kwance igiyar nan tana ɗiba moɗa-moɗa, tana mayarwa ta ɗaure, ba ta gaya wa kowa ba.

Na zauna rubuta wannan ne saboda labarin ya riga ya fita unguwa da wata kama. Har a wajen mai markaɗe ana cewa tsohuwar nan ta yi kiwon abin da ya ci ta. Ni ta riƙa tun ina yaye, ni na san ta, kuma ba na so abin da za a tuna ta da shi ya zama gulmar masu jiran niƙa.

Shukar ba ta da suna a Hausa, don ba ta ƙasarmu ba ce. Mu a gida 'yan tulu muke ce musu, maƙwabta kuwa mayyar fulawa. Ganyenta dogo ne, a ƙarshensa wani zare ya sauko, a ƙarshen zaren kuma ɗan tulu ke reto, da murfinsa a sama da jan leɓe mai sheƙi. Leɓen yana fitar da zaƙi. Kiyashi ko ƙuda ya zo lasa, santsi ya kwashe shi, ya faɗa cikin ruwan da ke ciki, daga nan ba ya fitowa. Idan ka leƙa bayan kwanaki sai ka ga ƙafafu da fukafukai kawai a ƙasa. Ni kaina da na fara gani sai da na ja da baya.

Ɗanta ne ya kawo su. Shi kaɗai Allah Ya ba ta, ya tafi karatu Maleshiya, ya dawo da wasu 'yan tsirrai a cikin robar da ba ta fi kofin shayi ba. Gwaggo ta dube su ta ce, "Mutane na kawo wa iyayensu atamfa, kai ka kawo mini ciyawa." Ya yi dariya, ya zauna ya koya mata yadda ake kula da su. Ya fara koyarwa a harabar jami'a da ke unguwar Kongo, bai daɗe ba haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Kaduna. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana raye, saboda ɗan fari ne, "yaron nan" take cewa. Bayan rasuwarsa shukokin suka zama "kayan yaron nan". Littattafansa ta rabar, tufafinsa ta bayar sadaka, su kaɗai ta riƙe.

Kula da su kuwa wahala ce tsagwaronta. Duk abin da muka sani na shuka, su akasinsa suke so. Ba sa son ƙasa, ba sa son taki. Ɓawon kwakwa take saya a kasuwa, ta daddatsa, ta jiƙa, ta yi ta sauya masa ruwa har ya daina ja, ta haɗa da gawayi, a ciki take dasa su. Ranar safe kawai suke iya ɗauka, ta tsakar rana ƙona su take yi. Da rani tana jiƙa buhunan da ke kewaye da lungun safe da yamma don iskar wurin ta yi laushi. Buhunan kam ko ruwan rijiya ya ishe su, amma gindin shukar ruwan sama kaɗai yake sha.

"Ruwan rijiyarmu akwai kanwa a ciki," haka take cewa. "Mu mun saba. Su baƙi ne, saiwarsu ba ta iya ɗauka. Ba ran da ka zuba za ka gani ba. Sai ka manta, sannan ka ga bakin ganye ya fara baƙi."

Shi ya sa damina wajenta lokacin aiki ne. Hadari na haɗuwa za ka ga tsohuwa ta ɗaure zani tana jan randuna. Ruwan farko ba ta tara daga indararo, ta ce wankin kwano ne, ƙura ce da kashin tsuntsaye. Randar ƙasa ma ba ta yarda da ita, ta ce tana tsotse ruwa. Ba ta cusa wa tulunan komai, abin da suka kama da kansu shi ne rabonsu. Idan reshe ya yi tsawo sai ta yanka da sabuwar reza, ta dasa, ta kifa masa farar leda, ta yi ta jira wata da watanni. Haka 'yan tsirran nan suka cika lungu, kuma idan iska ta kaɗa da yamma tulunan sukan juyo gaba ɗaya kamar masu sauraron abin da ake faɗa a tsakar gida.

Gwaggo unguwarzoma ce, ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, wato Babanmu, daga nan kuma matan unguwa suka mayar da ita mai wankan gawa. Takan ce rabin matan layin ita ta yi musu wankan farko, ba za ta bar wa wata na ƙarshe ba. Ba ta da taushin baki, amma hannunta na da taushi. Na taɓa raka ta wankan wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta da kowa sai haya. Bazara ce irin wannan, ruwan da aka samo kamar kunun kanwa. Gwaggo ta dube shi, ta aike ni gida in ciko bokiti daga randunan shukokinta. Ta wanke matar nan a hankali, tana yi mata magana kamar mai jego. A hanyar dawowa ta ce mini, "Mutum ya sha wahalar ruwa duk rayuwarsa, ranar tafiyarsa ma a cuɗa shi da laka? Ni dai ba da ni ba." Daminar shekarar ta sayi baƙar randar.

Tsakaninta da Inna kuwa sai haƙuri. Ba a taɓa jin su a titi ba, amma gida ɗaya da yayar miji mai iko ba wasa ba ne, ga shi kuma ta karɓe mata 'yar fari. Har yau Inna ba ta kiran sunana, "'yar Gwaggo" take cewa, kuma akwai ɗan yaji a yadda take faɗa. Shukokin ne suka ba su abin faɗa na kullum. Wata rana Inna ta ɗebi ruwan sama ta dafa wake, don ya fi saurin nuna. Gwaggo ta gane, saboda tana sane da inda ruwan kowace randa ya tsaya.

"Wake za a ci, Yaya, ba zubarwa na yi ba," in ji Inna. "Mutane na gida ba su fi ciyawa ba?"

"Mutanen gida suna da rijiya."

"Ni ban taɓa ganin shuka mai cin nama a gidan Musulmi ba."

"Ke da layya ganye kika ci?"

Muka yi dariya, har Inna ta kusa yi. Da a nan aka tsaya da ya wuce kamar sauran. Amma lokacin ba a daɗe da rasuwar Baba ba, zuciyar kowa a kusa take. Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Ni dai abin da na sani, tun da abin nan ya shigo gidan nan ake fitar da gawa. Wanda ya kawo shi ya tafi. Maigidan ya tafi. Saura wa?"

Gwaggo ta juyo ta dube ta. Na zaci za ta zazzaga mata masifa, don ta iya. Sai kawai ta ce, "Saura ni," ta shige lungu. Daga ranar ba ta ƙara yin zancen shukokin da kowa a gidan ba, ko roƙon a taya ta jan randa ba ta ƙara yi ba.

Ina jin shi ya sa ba ta faɗa ba da ruwa ya ƙare mata bana. Daminar bara ta ɗauke da wuri, babbar randarta ɗaya kuma ta tsage ta zubar da abin da ke ciki. A shekarun baya idan ta ga ruwa zai gaza takan hau Keke Napep zuwa Sabon Gari, wajen wani Inyamuri mai kayan mota da ke kiranta Mama, ta sayo tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ta lallaɓa da shi har ruwa ya sauka. Bana ƙafa ta hana ta fita. Duk zuwan da na yi ina tambayarta ko akwai abin da take so, amsarta ɗaya ce, "Goro." Baƙar randar tana bayan ƙofa da farin ƙyallenta a ɗaure tsaf, na sha zama kusa da ita ina shan fura.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Inna ta kira ni ɗakinta.

"'Yar Gwaggo, abubuwan nan na lungu. Ba zan taɓa su ba sai an yi arba'in, don kada a ce ƙasa ba ta bushe ba na fara. Amma ana yin arba'in za a fitar da su a cinna musu wuta. Na gaji da kwana da su a gida ɗaya."

Na ce mata ruwan ba shukokin suka sha da kansu ba, Gwaggo ce ta ba su. Ta ce ta sani. Ta ce wannan ɗin ne ma ya fi ba ta tsoro, abin da zai sa mace mai hankali ta ba da ruwan wankan gawarta.

Na shiga tunanin inda zan kai su. Gidana na Hanwa bene ne, rana ta ko'ina, ba inda zan rataye su su kwana biyu da rai. Na fito na nufi lungu, a nan na tarar ashe wuta ma ba sai an jira ta ba.

Kwanakin nan ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, matan unguwa suna ta hidima a tsakar gida. Gidan Bahaushe ba a zubar da ruwan wanke-wanke a banza idan akwai shuka kusa, don haka duk ruwan sabulun da aka wanke tukwanen sadaka da shi, lungu aka kai shi. Matar Liman, da kyakkyawar niyya, ta ga shuka a cikin ɓawon kwakwa ko ƙasa babu, tausayi ya kama ta, ta aika aka kawo takin zamani ta barbaɗa wa kowace, ta ce shuka na tasbihi, ladan zai isa ga mamaciya. Wasu kuma, ban san ko su waye ba, sun bi tulunan ɗaya-ɗaya sun cusa musu gumbar sadaka da 'yan yankan nama. Ko sadaka suka yi, ko toshiyar baki suka bayar don kada abin ya juyo kansu, Allah kaɗai Ya sani. An kuma yaye buhunan an shimfiɗa wa baƙi.

Na kwashe takin da hannuna, na zazzage tulunan, na mayar da buhunan na jiƙa. Na je Sabon Gari wajen mai kayan motar. Da na gaya masa Mama ta rasu ya cire hularsa, sannan ya haɗa mini duk kwalaben da ke shagon. Amma ruwan kwalba na jiƙa maƙoshi ne, ba ya isa ya wanke gishirin da ya riga ya shiga saiwa.

Yadda ta faɗa haka ya faru. Kwanakin farko ba abin da ya nuna, har matar Liman ta ce in duba yadda suka yi kyau. Daga baya bakin ganye ya fara baƙi. Tulunan suka yi laushi, suka ruɓe, lungun ya ɗauki wani wari kamar na kwatar mahauta. Kullum na zo daga makarantar da nake koyarwa sai na sauke wata da ta mutu. Masu zuwa gaisuwa suka samu sabon zance, wai abin ya ga uwar ɗakinsa ta tafi shi ya sa yake bin ta. Inna takan tsaya daga nesa da hannu a hanci, tana kallona ina fitar da su.

Guda ɗaya ta rage. Ƙarama ce, Gwaggo ta rataye ta can sama a reshen mangwaro, inda hannun masu alheri bai kai ba. Tulunanta sun bushe saboda zafi, amma akwai sabon ganye a tsakiya da ɗan zare a bakinsa. Ita nake ba ruwan kwalba da cokali. Duk la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi gunji, iska ta taso ta kwashe shi. Arba'in na matsowa. Na fara jin tsoron kallon sama, na kuma fara jin tsoron kallon Inna, don na lura ta rame, tana yawan zama a inda Gwaggo ke shimfiɗa tabarma.

Ana saura 'yan kwanaki, wata la'asar, iskar ta taso kamar kullum amma ba ta wuce ba. Na ji ƙamshin ƙasa kafin in ji ɗigon farko. Na tuna ruwan farko ba a tara daga indararo, don haka na jawo baƙar randar, wadda tun ranar rasuwa ba wanda ya yarda ya taɓa, na kafa ta a tsakiyar gida nesa da kwano, bakinta a buɗe. Na hau kujera na sauko da shukar, na tsaya da ita a hannu a fili. Ruwan ya sauko da ƙarfi. Ya cika ɓawon kwakwar, ya riƙa fita ta ƙasa yana bin hannuna har gwiwar hannu. Na yi kukan da ban yi ba ranar wanka, ba wanda zai gane tunda fuskar a jiƙe take.

Da ya tsagaita, Inna ta fito daga ɗakinta tana taka ruwa da silifas. Ta zo ta tsaya a kan randar ta leƙa. Abin da ya taru bai fi ya rufe gindinta ba. Ta dubi shukar da ke hannuna, wannan ne karo na farko da na ga ta matso kusa da ita haka.

"Ta sha?"

"Ta sha, Inna."

"Za ta yi?"

Na ce ban sani ba, sai an ga abin da zaren nan zai zama.

Ta gyaɗa kai. Ta koma ɗaki, na ji tana buɗe akwati. Ta fito da farin ƙyalle, sabo, an yage shi daga jikin wani babban yadi, kuma na san yadin da tsofaffi ke ajiyewa a ƙasan akwati. Ta miƙo mini.

"Idan damina ta zauna ki cika ta, ki ɗaure bakin. Tawa ce."

"Haba Inna."

"Ni ce ke biye, ba sai an gaya mini ba." Ta gyara mayafinta, ta sake duban shukar. "Idan kuma rani ya yi tsawo, ki kwance ki ba ta. Na yafe."

An yi arba'in, ba a kunna wuta ba. Allah Ya sanyaya makwancin Gwaggo, Ya haɗa ta da yaron nan, Ya shayar da ita da abin da ya fi wanda ta bayar. Zaren ya fara kumbura a baki, bai kai tulu ba tukuna. Randar kuwa tana ƙofar ɗakin Inna yanzu, farin ƙyallen na rataye a ƙusa a samanta, kuma duk ruwan da ya sauka tana ƙara nauyi.